Mai Shayin Maigida Seto

Fiye da shekara talatin ni da Mak Yiu-tong muka yi muna gardama a kan abu ɗaya, kuma da na san irin cin da zan yi wa gardamar, da tun farko na bar masa ita. Shi cewa yake tsoho Seto amininsa ne. Ni kuma cewa nake kwastoma ne kawai mai sakin hannu.

A gidan shayi ɗaya muka yi aiki, a unguwar Sham Shui Po, a saman wani kantin magani. Ni, Pun Wai-han, keken abinci nake turawa tsakanin tebura ina kiran abin da ke cikin kwanduna: ƙunshin jatan-lande, ƙafar kaza, turararren burodi mai nama a ciki. Tong kuwa mai ruwan zafi ne. Ya riga ni zuwa gidan. Na tarar da shi da ƙatuwar butar ƙarfe a hannun dama, tawul a kafaɗa, farar riga da baƙin wando, siriri kamar sandar tsintsiya. Idan kwastoma ya ɗage murfin butar shayinsa ya jingine a gefe, ruwa ya ƙare ke nan, kuma kafin ya sauke hannu Tong ya iso. Ko ya ba ka baya yana jin ƙarar murfi. Sababbin ɗauka Kawu Tong suke ce masa. Ni Yaya nake ce masa in muna shiri, in ba ma shiri in kira sunansa gatsal.

A gidan shayinmu ba a kama wa kowa wuri. Ka zo ka tsaya a bayan kujerar wanda ya kusa gamawa, ka yi ta kallon ƙeyarsa har kunya ta tashe shi. Amma kujerar kusa da taga, wadda iskar fanka ba ta kai mata, ba wanda ya isa ya zauna a kanta da safe. Tong zai shimfiɗa mata jiƙaƙƙen tawul, duk wanda ya nufe ta ya ce masa, "Yi haƙuri ɗan'uwa, yaro ne ya zubar da miya." Wannan miya ta yi shekaru tana zubewa a kujera ɗaya kowace safiya, kuma ba ta bushewa sai Maigida Seto ya hawo bene da jaridar sukuwa a hammata.

Seto kantin zinariya gare shi a layin baya. Gajere ne, mai tumbi, mai dariya da dukan jiki. Ba zan yi masa sharri don ya mutu ba, mutum ne mai daɗin zama. Shayinsa daban yake, baƙin ganyen da ake kira bolei, wanda ya kwana biyu, a cikin gwangwani mai sunansa da Tong ke ɓoyewa a saman kabad. Tong ne ke ɗauraye masa kofi da tafasasshen ruwa, ya zubar da jiƙon farko, ya zuba masa na biyu. Seto ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyar da kowa ke yi wa mai zuba masa shayi, sannan a buɗe hira.

"Tong, wane doki ne zai cinye min kuɗi yau?"

"Duk wanda ka zaɓa, Maigida. Hannunka ba ya kuskure."

"Ji ɗan banza. Yaya 'yar taka? Har yanzu ita ke zuwa ta ɗaya a aji?"

"Ita ce. Kan uwarta ta ɗauko."

"Ai ba sai ka faɗa ba. Da naka ta ɗauko, da yanzu tana nan tana riƙe maka tawul."

Su yi ta dariya, ɗaya a zaune, ɗaya a tsaye da buta.

Sai Sabuwar Shekara ta zo, lokacin laisi, jar ambulan mai kuɗi a ciki. Masu aure su ba marasa aure, manya su ba yara, mazauna bene su ba maigadi, kwastomomi kuma su ba mu. A kwanakin nan gidan shayi kasuwar murmushi yake komawa. Kowa ya haɗe hannuwa yana yi wa mutum fatan arziki, idonsa na kan aljihun mutumin. Masu ruwan zafi ke kwashe rabo mai tsoka, tun da su ke da tebura. Mu masu keke a miƙo mana 'yar siririya don kada mu yi zuciya. Na kicin kuwa, waɗanda ke tashi tun gari bai waye ba suna naɗa ƙunshin da ake ta yabo, ko ƙamshin ambulan ba sa ji, don ba wanda ya san fuskarsu. Mai gidan shayin ya san da duk wannan. Shi ya sa in ka je neman ƙarin albashi sai ya dube ka ya ce, "Ba ga Sabuwar Shekara nan tafe ba?" Kashi goman da ake ɗora wa kwastoma da sunan hidima kuma aljihunsa yake faɗawa. Wato shi ya ɗauke mu aiki, ya bar wa jama'a su biya mu in sun ga dama, mu kuma mu yi ta washe baki shekara guda saboda 'yan kwanaki. Na karɓa, ban taɓa mayar wa kowa ba, ina da 'ya'ya. Amma ban taɓa kiran abin zumunci ba.

Ambulan ɗin da Seto ke ba Tong ta fi ta kowa kauri, duk gidan an sani. Abin da ke ba ni haushi, Tong ba kaurin ne ya dame shi ba. Da kuɗin yake so da mun shirya. A'a, shi gani yake shaida ce aka ba shi a hannu. Idan muka zauna a matakalar baya muna cin shinkafarmu ta ma'aikata, sai in tsokano shi.

"Yaya, wannan aminin naka, ya taɓa cewa ka ja kujera ka zauna?"

"Ina bakin aiki, Han."

"Ya san inda gidanka yake?"

"Ya san sunan 'yata."

"Ni ma na san sunan kyanwar maƙwabciyata. Laisi daga sama take gangarowa, Yaya. Ka taɓa ganin aboki ya ba abokinsa? Kai ka taɓa ba shi wani abu?"

"Ke matsalarki, komai aka miƙo miki sai kin kifa shi kin duba farashi a gindi."

Daga nan ya ɗauko hujjarsa, wadda na ji har na haddace. Bayan rasuwar matar Seto, ran da ya fara dawowa shan shayi, ya buɗe jarida ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Tong ya zo ya tsaya a gabansa da buta, ya kare shi da jikinsa daga idon mutane, murafai na ta ƙara a sauran tebura bai waiga ba. Da Seto ya lafa, ya kama wuyan hannun Tong ya ce, "Kai kaɗai ka san ni a garin nan." Ina wurin, kekena na tsaye kusa da su, ba zan ce ba a yi ba. Duk lokacin da ya kawo wannan sai in ci gaba da cin shinkafata.

Da aka buɗe ɗakin biki a hawa na sama, mai gidan shayin ya nemi Tong ya zama shugaban masu hidima a can. Albashi mai kyau, ba ɗaukar buta, sai dai aikin yamma ne kuma ba laisi, don baƙin biki yau ne ka gan su gobe babu. Tong ya ce a ba wani. Na bi shi har wurin tukunyar ruwa ina masifa.

"Kai wane irin mutum ne? Kafaɗarka ta fara karkacewa, ba ka gani?"

"To wa zai haɗa wa Maigida shayi? Waɗannan yaran da ke zuba masa jiƙon farko?"

"Sai ya mutu in ya sha jiƙon farko?"

Ya yi dariya ya ɗauki butarsa. Wanda aka ba aikin, yaron da Tong ya koya wa riƙe tire ne, ya sayi gida a unguwar Sha Tin daga baya.

Matar Tong, Lan, ɗinki take yi a masana'antar tufafi. Mace ce mai shiru, in ta zo ɗaukar makulli sai ta tsaya a ƙasan bene, ba ta hawowa. Ciwon ciki ya kama ta, irin wanda ba a son faɗin sunansa. A ranar farko ta wata Sabuwar Shekara ya tayar mata, aka kai ta asibiti, likitoci suka ce washegari da safe za su yi mata aiki, ba zai jira ba. Washegarin kuwa ita ce ranar da Seto ke kawo iyalinsa kaf, 'ya'ya da surukai da jikoki, su cika babban teburi mai zagaye. Sau ɗaya a shekara.

Ina jera kwanduna a keke sai na ga Tong ya shigo yana ɗaura tawul.

"Me kake yi a nan?"

"Da sun tashi zan tafi."

"Tong, matarka za a yanka."

"'Yarmu Suk-yin na wurinta. In ba ni, wa ya san wace suruka ce ba ta shan baƙin shayi? Mutumin nan zai shigo da jikokinsa ya ga baƙuwar fuska a teburinsa?"

"To gaya masa. In amininka ne, shi da kansa zai kore ka."

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Zancen asibiti? A Sabuwar Shekara? In shafa wa mutum da iyalinsa rashin sa'a na shekara guda?"

Ni ma ba zan iya furta irin wannan a teburin mutane a ranar ba. Haka aka raine mu. Ya yi hidimarsa, ya yi wa jikoki wasa, ya karɓi jar ambulan da hannu biyu yana fatan arziki. Iyalin Seto ba su tashi ba sai da rana ta karkata. Na raka shi asibiti. An riga an fito da Lan, tana barci, fuskarta kamar takarda. 'Yarsu Suk-yin, wadda a lokacin take shirin gama sakandare, tana zaune a benci a waje, ko tashi ba ta yi ba.

"Ta yi ta kallon ƙofa," ta ce. "Har aka tura gadon tana kallon ƙofa." Sai ta kalli aljihun rigarsa inda jan abu ya leƙo. "Nawa ya ba ka, Baba?"

"Ba don kuɗi na tsaya ba."

"To don me?"

"Don mutunci. Abokina ne."

"Gara dai ya zama abokin naka ne," ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. "In ba haka ba, kai ka san abin da ka sayar yau."

Lan ta tashi daga wannan aikin, amma ba ta cika shekara biyu a duniya ba. Ba ta taɓa yi masa zancen ba, kuma ina jin da ta yi da ya fi masa sauƙi. Suk-yin ta gama karatu ta tafi Kanada, ta yi aure a can. Takan kira shi a Sabuwar Shekara, gaisuwa kawai, kamar mai biyan haraji.

Daga ranar asibitin nan gardamarmu ta daina zama wasa. Da can Tong so yake ya kayar da ni. Yanzu kuwa dole ne Seto ya zama amininsa, don in ba amini ba ne, to ya bar matarsa tana kallon ƙofa saboda ambulan. Na gane haka, na rage tsokana, ko da yake bakina ba shi da murfi, wani lokaci sai ta kuɓuce. Shi kuma ya ƙara ninka hidima. Seto ya yi tari, Tong ya kawo masa busasshen ɓawon lemo daga gida. Seto ya manta laima, Tong ya bi shi da ita har kanti cikin ruwa. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, duka a lokaci ɗaya.

Aka sayar da benen, kamar yadda ake sayar da komai a garin nan, aka rufe gidan shayin. Kuɗin sallama a kan albashin da ke rubuce aka lissafa, ba a kan ambulan ba, don haka abin da Tong ya tashi da shi bai taka kara ya karya ba. Ranar ƙarshe Seto ya zo da sanda, ɗansa ya kawo shi a mota. Ya sha kofi biyu, ya dafa kafaɗar Tong, waccan da ta karkace, ya ce, "Zan neme ka, Tong. Ba mu rabu ba." Ya manta gwangwanin shayinsa a saman kabad. Tong ya tafi da shi gida ya ajiye kusa da hoton Lan.

Bai neme shi ba. Tong ya je layin baya ya tarar kantin zinariya ya koma kantin wayoyi. In na tambaya sai ya ce ƙafa ce ta hana tsohon fita, ko kuma 'ya'yan ne suka tsare shi a gida, kin san yaran yanzu. Ya samu aikin kwashe tire a wani gidan abinci na zamani, inda mutum ke danna abin da yake so a jikin allo ya ci ya tashi. Na je na same shi wata rana, hannunsa na dama na rawa, yana goge teburin da ba wanda ya san wa ya goge.

"Ko ba komai a nan ba mai sayen murmushinka," na ce, da niyyar ƙarfafa masa gwiwa.

"Ba mai so ma ko kyauta," ya ce.

Wannan ta tsaya min a rai. Na tsani laisi, har yau na tsane ta, amma a gidanmu na da aƙalla akwai mai ɗaga kai ya dube ka. Ban san wanne ya fi muni ba, a saye ka ko a rasa mai taya ka.

Labarin mutuwar Seto a bakin wani tsohon kwastoma Tong ya ji, a lambun da tsofaffi ke motsa jiki da safe. Ya zo gidana da farar ambulan ta ta'aziyya, ya riga ya liƙe ta, har da dala ɗayar da ake ɗorawa a kai don kada rashi ya zo bibbiyu. Daga kaurinta na san kuɗin cefanensa ne ya zuba. Abin da ya ba ni tsoro, fuskarsa a sake take.

"Kin ce ban taɓa ba shi komai ba," ya ce. "To ga shi. Wannan ba daga sama take gangarowa ba. Zan rubuta sunana a ƙofa kamar kowa, in rusuna masa, 'ya'yansa su rusuna min."

Haka ake yi. A ƙofar zauren makoki akwai tebur, ka rubuta sunanka, ka miƙa farar ambulan, a ba ka ɗan farin ƙunshi: tishu na share hawaye, alawa ɗaya don ta kashe ɗacin rashi, da tsabar dala da za ka kashe kafin ka koma gida. Sannan mai sanarwa ya kira ka gaba, ka rusuna wa hoton mamaci sau uku, iyalinsa su rama maka. Duk wanda ya zo a matsayin ɗan'uwa ko aboki, wannan ne rabonsa. Ma'aikatan wurin kuwa, masu jera furanni da masu shara da masu ɗaukar akwati, jar ambulan ake ba su in an gama, ladan wahala.

Na ce zan same shi a zauren makokin da la'asar, bayan na ɗauko jikana daga makaranta. Da na san abin da zai faru da na bar yaron ya jira.

Tong bai taɓa zuwa wuri bayan baƙi ba a rayuwarsa, jikinsa bai iya ba. Ya isa zauren, a unguwar Hung Hom, tun ba a zauna a teburin ƙofa ba, ya shige. Kayan kirkin da ya mallaka kuma su ne farar riga da baƙin wando. Lokacin da na iso, na rubuta sunana, na karɓi farin ƙunshina, na rusuna aka rama min, ina juyowa sai ga shi a tsakanin layukan kujeru da buta a hannu. Har tawul ya samo a wani wuri ya saɓa a kafaɗa. Na ja shi gefe.

"Yaya, me nake gani haka?"

"Shayin leda suka ajiye masa a gaban hoto, Han," ya ce a hankali. "Shayin leda, ya huce ma. Mutumin da ko jiƙon farko ba ya sha."

Ashe ya taho da fulas daga gida, ya jiƙa sauran bolei ɗin gwangwanin nan. Ya zubar da na ledar, ya ɗauraye kofin, ya zuba wa mamaci nasa. Wata gwaggon gidan da ke zaune kusa ta ji ƙamshi, ta ɗaga kofinta ko kallonsa ba ta yi ba. Ya zuba mata. Ta kusa da ita ma ta ɗaga. Fulas ya ƙare, wani ya nuna masa inda ruwan zafi yake. Ma'aikatan wurin suka ɗauka iyali ne suka zo da shi, iyali suka ɗauka ma'aikacin wurin ne.

"Ka rubuta sunanka?"

"Bari mutane su ragu."

"Ajiye butar nan ka je ka rusuna."

"Yanzu. Ga can wani ya ɗage murfi."

Ya zame ya tafi. Na zauna ina kallonsa, raina na ƙuna. Mutane suka yi ta zuwa, mai sanarwa na kira, ana rusunawa ana ramawa, shi yana bi ta bayan kujeru don kada ya tare wa kowa hanya. Gaskiya ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar na ranar ba. Ko rawar hannun ta tsaya.

Da jama'a suka fara watsewa, babban ɗan Seto, wanda shi ma furfura ta fara cin kansa, ya fito cikin fararen kayan makoki da tarin jajayen ambulan a hannu yana bin ma'aikata. Ya ba mai shara, ya ba masu furanni. Tong ya hango shi tafe, ya ajiye buta, ya sauke tawul, ya sa hannu a aljihun da farar ambulan take. Ɗan ya tsaya ya ƙura masa ido.

"Tsaya, na san fuskar nan. Ba kai ne mai shayin Baba ba?"

Fuskar Tong ta yi haske kamar an kunna fitila. "Ni ne, Ƙaramin Maigida. Mak Yiu-tong. Na san ka tun ƙafarka ba ta kai ƙasa daga kujera."

"Ashe har nan suka ɗauko ka. Ai Baba ba ya gajiya da zancenka."

Ban taɓa son in faɗi a gardama ba sai a wannan lokacin. Da zuciya ɗaya na so Tong ya juyo ya ce min kin ji ko.

"Duk in zai koya mana kasuwanci da kai yake misali," ɗan ya ci gaba, yana murmushi, don shi a ganinsa yabo yake yi. "Yakan ce a duk abin da ya taɓa saya bai ga mai araha kamar kujerar tagar nan ba. Ambulan ɗaya a shekara, ka samu mutum sukutum. Ya ce ku riƙa kyautata wa ƙananan ma'aikata, kuɗin ba ya faɗuwa ƙasa banza." Ya zaro ɗaya, ya ƙara wata a kai. "Riƙe biyu, Kawu. Yau ka sha aiki."

Hannun Tong ya fito daga aljihu babu komai. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan sunkuya, murmushin nan ya hau fuskarsa shi kaɗai ba tare da an kira shi ba.

"Na gode, Maigida," ya ce.

Ɗan ya wuce wurin masu ɗaukar akwati.

Muka fito titi, tsakanin shagunan furanni, motoci na wucewa. Muka taka har tashar bas. Ya ciro farar ambulan ya dube ta, ya mayar aljihu ɗaya da jajayen. Ni ce na fara magana.

"Kada ka ɗauki maganar yaro, Yaya. Ka san 'yan kasuwa da cika baki a gaban 'ya'yansu. Zai iya faɗin haka a gida, amma ran da ya kama hannunka ai ina wurin. Ba ƙarya yake ba."

"Yau kuma ke ce lauyarsa?"

"Ina gaya maka abin da na gani ne."

"Kin gani. Ni ma na gani. Ai ko tawul mutum ya share hawaye da shi yakan riƙe shi da kyau."

Na buɗe farin ƙunshina na ciro alawar na miƙa masa. "Ungo, sha."

"Ba tawa ba ce. Ta waɗanda suka zo makoki ce. Ni aiki na zo."

"Kai ma ka yi rashi."

"Na yi," ya ce. "Amma ba yau ba."

Na san safiyar da yake nufi, wadda aka yi wa Lan aiki. Ya tsaya yana kallon fulas ɗin da ba komai a ciki. Can ya ce, "Han, yanzu a Kanada gari ya waye?"

"Ya kusa. Kira ta mana, ga wayata."

Ya miƙo hannu, sai ya janye.

"Bari kawai. Za ta tambaye ni nawa ya ba ni, kuma yau ina da amsa."

Bas ta zo. Ya matsa gefe ya bar kowa ya shiga, kamar yadda ya saba, sannan ya hau a ƙarshe. Ni na tsaya da alawar a hannu har ta fara narkewa. Dole a sha ta kafin a koma gida, sai na jefa a baki.